Farin Wata da Hasken Wata: Ko Abu Guda Ne?

Kwanan baya muka ba yaran ajinmu aikin rubutu, muka ce kowa ya ba da labarin wani dare wanda ba zai manta da shi ba. Da muka zauna duban takardun, sai muka tarar galibinsu sun ambaci wata. Wannan ba abin mamaki ba ne ga 'ya'yan ƙauye. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, ba mu ga inda aka rubuta "farin wata" ba, kowa "hasken wata" ya sa. Muka kira ɗaya daga cikinsu, wanda ya rubuta cewa sun yi langa cikin hasken wata, muka tambaye shi ko haka ya ke faɗi in ya koma gida Gangara. Ya yi murmushi, ya ce a'a, a gida "hwarin wata" su ke cewa, amma ya ɗauka wannan maganar ƙauye ce, ba ta shiga takarda. To, wannan amsa tasa ita ta sa muka ɗauki alƙalami.

Mun san inda cutar ta samo asali. Turawa sun haɗa sunan wata da sunan haske sun yi kalma guda, ita su ke amfani da ita ko'ina. Ɗan makaranta kuwa, in ya zo rubutu, sai ya fara tunani da Turanci, kana ya juyo shi Hausa, sai ya fito da "hasken wata" kome abin da ya ke nufi. Ba mu ce kalmar ba Hausa ba ce. Hausa ce sosai. Amma kowace tana da gurbinta, wanda ya sa ɗaya a gurbin ɗaya kuwa ya rage wa maganarsa gishiri.

Hasken wata shi ne abin da ke saukowa daga sama. Shi ne ke shigowa ta kafar zana ya kwanta bisa tabarma, shi ne a ke gani yana rawa bisa ruwan Gulbin Rima in ya cika da damina. Ana iya cewa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, girgije na iya tare shi. Farin wata kuwa sunan lokaci ne, da halin da gari ke ciki a lokacin. Ku saurari yadda tsofaffi ke magana. Za ku ji sun ce, "Ana farin wata aka haife shi," ko kuwa, "Bari sai an yi farin wata mu tafi," ko, "Da farin wata muka iso Isa." A duk waɗannan ba zancen haske kaɗai a ke yi ba. Ana nufin waɗansu darare sanannu cikin kowane wata, sa'ad da matafiyi ba ya bukatar fitila, mai tsoron maciji ya ga inda zai sa ƙafa, 'yan mata su fita gaɗa, samari su fita kokawa. In mutum ya ce an yi farin wata jiya, ya ba ka labarin sama, ya kuma ba ka labarin dandali.

Ga shaida daga bakin magabata. Sun ce, kome hasken farin wata, dare abin tsoro ne. Ku duba da kyau, kalmomin nan biyu sun jeru cikin magana guda. Da ma'anarsu ɗaya ce, da ba a jera su haka ba, gama Bahaushe ba ya cewa "ruwan ruwa". Watau farin wata shi ne mai abu, haske kuwa abin da ya mallaka. Haka kuma kirarin nan da a ke yi wa kyakkyawa, "farin wata sha kallo". Ku gwada sa "hasken" a wurin, ku ji yadda maganar za ta faɗi warwas.

To, me ya sa aka ce fari? Wannan tambaya ta fi yadda a ke zato zurfi. Shi dai wata ba shi da haske na kansa, na rana ne ke dukansa ya dawo mana, daga nisan wajen mil 239,000. Ba ma fari ba ne. A shekarar 1969 mutanen Amurka suka sauka a kansa, suka ɗebo duwatsu da ƙasa suka kawo, sai ga su launin toka mai duhu. Masana sun auna sun ga cikin kashi 100 na hasken da ke sauka a kansa, wajen kashi 12 kaɗai ya ke mayarwa. Ko daren da ya cika, hasken rana ya ninka nasa wajen sau 400,000. Mai gardama zai ce, ashe kakanninmu sun yi kuskure. Ba su yi ba. Idon ɗan Adam, in haske ya yi ƙaranci, ba ya rarrabe launi sosai. Ku fita da jan ƙyalle da kore a daren sha huɗu, za ku ga sun kusa zama abu guda, amma rairayi da farar riga da bangon da aka shafa wa farar ƙasa sai su tashi su yi ta ɗaukar ido. A ganinmu wannan ne aka sa wa suna. Ƙasa ce ta yi fari, aka jingina farin ga wanda ya jawo shi. Mai cewa "hasken wata" sama ya ke kallo, mai cewa "farin wata" yana kallon inda ya ke tsaye.

A nan sai mu ja kunnen waɗansu. Akwai yaran da suka ɗauka "farin wata" shi ne farkon wata, don sun ji ana cewa "ɗan fari". Ba haka ba ne. Rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya, shi ya sa fari na launi, da fari na rashin ruwa, da fari na somawa duk suka zo da kama ɗaya a takarda. Ita kanta kalmar "wata" haka ta ke. In aka rubuta "Ya ga wata," sai mai karatu ya duba gaba da baya kafin ya san ko na sama aka gani, ko kuwa wata yarinya ce. Farkon wata yana da sunayensa. Ran da aka fara ganinsa siriri a yamma bayan faɗuwar rana, sai a ce wata ya tsaya, shi kuwa a kira shi jinjirin wata. Shi ne wanda a ke fita nema in azumi ya gabato, a kai labari Sakkwato, Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa. Jinjiri kuwa ba ya farin wata, don kafin a gama tuwon dare ya faɗi.

Dalili shi ne, kowace rana wata na jinkirta fitowa da faɗuwa da wajen minti 50. In ya kwana bakwai, sai tsakar dare ya ke faɗuwa. In ya kai sha huɗu, yana fitowa daga gabas daidai faɗuwar rana, ya kwana yana tafiya har asuba. Daga nan sai ya riƙa makara, har ya zama yara sun yi barci kafin ya leƙo, har a ce wata ya mutu, bayan kwana 29 ko 30. Saboda haka a wajen yara farin wata bai wuce daga kwana bakwai ko takwas zuwa sha shida ba. Ku lura, ba a fara tashe sai azumi ya kwana 10. Mu dai muna ganin ba banza aka zaɓi wannan lokaci ba. Malamai kuma suna kwaɗaitar da azumin ranakun 13 da 14 da 15, waɗanda Larabawa ke kira fararen kwanaki saboda dararensu. Ashe ba Bahaushe kaɗai ya ga fari a wurin ba.

Sauran kalmomin ba sai mun daɗe a kansu ba, amma akwai biyu da a ke yawan zalunta. Mun sha ganin an rubuta wata yana walƙiya, ko yana ƙyalƙyali. Walƙiya ta hadari ce, ta zo farat ɗaya ta wuce. Ƙyalƙyali na taurari ne, da madubi, da sabon kwano. Hasken wata kuwa a kwance ya ke, ba ya ƙifta ido. In sama ta yi garau, a ce ya fito tar. In hazon hunturu ya taso daga arewa ya rufe shi, a ce ana ganinsa dishi-dishi. In zobe ya kewaye shi, a ce ya yi sansani, kamar sarkin da ya fita yaƙi, Zara matarsa na daga gefe. In inuwar duniya ta faɗa kansa, kamar daren 27 ga Yuli 2018 da ya rine ya yi ja fiye da sa'a ɗaya da rabi, malamai su ce husufi, mutanen gari su ce wata ya yi zazzaɓi. Sai annuri, wadda muka aro daga Larabci. A cikin Suratu Yunusa, aya ta 5, an ambaci hasken rana da kalma dabam, na wata kuma da wannan kalma. Hausa ta karɓe ta ta keɓe ta ga haske mai sanyi da kwarjini, irin na fuskar mutumin kirki. Kada a ɓata ta a kan fitilar mota.

Marubutan littattafan soyayya ma ba su kuɓuta ba. Kusan kowace budurwa da suka kwatanta, sai a ce kamar wata daren goma sha huɗu. Kwatancin yana da kyau, amma ya sha hannu har ya koɗe, tamkar tsohon kwabo. Wanda ya san cewa watan daren bakwai dabam ya ke da na daren ashirin, ba zai rasa sabon abin faɗi ba.

Game da "hwari" da yaron nan ya ji kunyarsa, gaskiya ne tun zamanin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, Hausar Kano aka fi bi wajen rubutu, don haka a takardar jarrabawa "farin wata" za ku rubuta. Amma Bagobirin Sabon Birni da ɗan'uwansa na Tibiri a ƙasar Maraɗi, in sun ce "hwarin wata na", ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Harafi kaɗai za ku sauya, kalmar ku bar ta inda ta ke.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, ba za mu ɓoye shi ba. Tun wajen shekarar 2020 da 'yan bindiga suka matsa wa ƙasar Sabon Birni da Isa, ƙauyuka da yawa sun daina zaman dandali. Wata na fitowa kamar yadda ya saba, amma da magariba ta yi sai a kira yara cikin gida, waɗansu ma sun bar garuruwansu ɗungum. Da muka sake karanta takardun nan, sai jikinmu ya yi sanyi, muka ga watakila ba Turanci kaɗai ya jawo ba. Yaron da ya tashi yana leƙen wata ta ƙofar ɗaki, hasken wata ya sani. Farin wata kuwa sai wanda ya fita cikinsa. In haka ne, waɗansunsu gaskiya suka rubuta, mu ne muka yi gaggawar ɗaukar jan alƙalami.

Don haka muka mayar musu da takardun ba tare da mun rage wa kowa maki ba. Muka ce kowa ya je ya sami kakarsa, ya tambaye ta yadda a ke kiran wata tun daga ran da ya tsaya har ran da ya mutu, da wasannin da a ke yi a kowane mataki, ya rubuto da Hausar da ta faɗa masa, ko da "hw" ce. Ku ma da ke karanta wannan shafi a sauran makarantu, in kun samo wata kalma da ba mu ambata ba, ku aiko wa Edita, ku faɗi garin da kuka ji ta.