Hannun Mai Zoɓo

A gonakin Ɗanbatta ba kasafai ake ware wa yakuwa fili nata ba. A gefen gero da dawa ake yafa ta, idan kaka ta yi a ɓare zoɓon, a shanya. Daga nan gwanintar ta koma hannun matan da ke dafa shi a cikin gida, yara su fita da shi kasuwar Lahadi ko bakin tasha.

Gwana tun wurin awo take fara aiki. Baƙin zoɓo shi ke ba da kala da kauri, amma tsaminsa kaɗan ne. Ja mai haske kuwa ya fi tsami, ruwansa bai cika duhu ba. Sai ta haɗa su gwargwadon bakin masu sayenta. Matan Senegal ma haka suke yi da nasu bisap, suna gauraya irin da suke kira Vimto saboda kala da Koor saboda tsami.

Sauran aikin na wuta ne. Mai son zoɓo mai nauyi, wanda zai kama harshe ya bar ɗumi a maƙogwaro, tafasa masa ake yi da citta, kanumfari da masoro. Mai son sassauƙa jiƙa masa ake yi ya kwana, a tace, a jefa ɓawon abarba ko na'ana'a. Kanwa ce wurin da ake gane ƙwararriya: ɗan ƙiris take sakawa, tsamin ya kwanta, kalar ta ƙara duhu, sukari ma ya ragu. Idan hannu ya zarce, zoɓon ya yi baƙi ƙirin, ya yi salam, ba abin da zai ceto shi. Lemon tsami akasin haka yake yi, yana tayar da jan.

Ni dai ɗan gidan mai kauri ne, kodayake da azumin bazara ba na musu da masu cewa sassauƙan ya fi kashe ƙishi. Misirawa da Sudaniyawa suna shan nasu zoɓon, wato karkade, har da zafinsa kamar shayi, mutanen Meziko kuwa, waɗanda ke sayen zoɓon Kano da Jigawa buhu-buhu, sun fi son shi tsararo da ƙanƙara. Mai sana'ar a Ɗanbatta takan yi tukunya biyu, ta san na gidan wane ba ya son yaji, na mahauta kuma sai an ƙara citta.