Hausar Samanja: Ɓata Harshe Ko Gwaninta?

Har yanzu akwai ɗalibai a cikinmu waɗanda in an ambaci wasan Samanja Mazan Fama sai su yatsine fuska, wai Usman Baba Pategi ɓata Hausa ya yi. Ni kam ban yarda ba.

Shi wannan bawan Allah Banufe ne, an haife shi a 1942, ya yi aikin soja, ya kuma yi suna a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna. Watau ba labarin bariki ya ji ba, zama ya yi a cikinta. Hausar da ya sa a bakin Samanja, mai gauraye da Turancin buroka, ba shi ya ƙago ta ba. Mai musu ya sauka kasuwar Sabon Gari da hantsi, ya kasa kunne ya ji yadda Bayarabiya mai tumatir ke ciniki da ɗan dakon Fagge. Za a ce wa mace "ya zo", a kuwa gama ciniki lafiya, ba wanda ya nemi tafinta. Masu wannan Hausa dubbai ne, amma marubutanmu sun daɗe suna yi kamar ba su san da su ba. Samanja ya ba su baki, ya sa soja da farar hula dariya tare, a zamanin da ganin kaki kaɗai kan sa gaba ya faɗi.

Inda nake ganin aibinsa shi ne tsawar takan yi yawa, har ta danne sauran 'yan wasa, su zama 'yan amshin Shata. Ya rasu a Kaduna a 2023.