Zaurancen yaran Amurka ya shiga ƙamus

Duk wanda ya ratsa kantin Westfield na Wheaton a lokacin tashin 'yan makaranta zai ji abin da ba a koya masa a aji ba: "skibidi", "six seven". Mu da muka zo da Turancin Kano da Zariya sai mu kama baki, wai yara sun lalata harshe. Ni dai ban yarda ba.

Turanci ya daɗe yana cin abincin 'yan shirme. A 1871 Lewis Carroll ya ƙaga "chortle" a cikin waƙarsa Jabberwocky, yau kuwa manyan jaridu suna rubuta ta ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Yaro ɗan shekara 9, ɗan 'yar'uwar masanin lissafi Edward Kasner, shi ya laƙaba wa lamba 1 mai sifiri 100 suna "googol", kuma daga nan Google ya samo sunansa. Marubutan shirin talabijin na The Simpsons sun ƙirƙiro "embiggen" a 1996 don ba'a kawai, amma a 2018 ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da ita.

To, waɗannan sun zauna ne saboda sun sami aikin yi. "Chortle" ta kama wata irin dariya, wadda ke tsakanin ƙyalƙyala da huci, da ba ta da suna a da. "Skibidi" fa, wadda ta yaɗu daga bidiyon YouTube a 2023? Tana nufin mai kyau, tana nufin mummuna, wani lokaci ba ta nufin komai. Aikinta ɗaya da zaurancen da muka yi muna yara: a yi magana a gaban babba ya kasa ganewa. Daɗinta ke nan, kuma ranar da malamin aji ya fara faɗinta, ta mutu.

Shi ya sa ƙorafina ba da yara nake ba, da masu ƙamus nake. Cambridge ya shigar da "skibidi" a 2025, Dictionary.com kuma ya naɗa "6-7" kalmar shekarar, alhali ko kalma ba ce. "Embiggen" sai da ta jira shekara 22. Yanzu kuwa masu ƙamus suna rige-rigen shiga labarai, suna yanka wa jariri ragon suna tun kafin ya faɗo.