Shawarar Farko a Wasannin Kasada na 'Yan Sa-kai

Wasan kasada wani nau'in wasan kwamfuta ne da ba a gina shi a kan saurin hannu ba, a kan labari aka gina shi, inda mai wasa yake yawo da jarumi daga wuri zuwa wuri, yana tsintar kaya, yana zantawa da mutane, yana warware kacici-kacici, wato matsalolin da aka dasa masa a hanya domin kada labarin ya ci gaba sai ya yi tunani. Kamfanonin Sierra da LucasArts na Amurka ne suka yi tashe da shi daga shekarun 1980, kuma da kasuwarsa ta ja baya a ƙarshen shekarun 1990, sai masoyansa suka shiga haɗa ƙungiyoyin sa-kai ta intanet, ba albashi ba ofis, domin su yi nasu. Tarihin waɗannan ƙungiyoyi ya nuna cewa tun a watannin farko ake yanke makomar aikin, domin jarin ɗan sa-kai ɗaya ne, shi ne ɗan lokacin da ya rage masa bayan aiki ko karatu, kuma kowace shawara daga cikinsa take ci.

Shawara mafi nauyi ita ce ta injin wasa, wato manhajar da ke ɗauke da zane da sauti da motsi, tare da irin hoton da za a ɗora mata. A 1997 wani ɗan Ingila, Chris Jones, ya fitar da manhajar da daga baya aka sani da Adventure Game Studio, kyauta, kuma da ita ƙungiyar da ake kira AGD Interactive ta sake gina wasan Sierra, King's Quest na farko, a 2001, ta biyo da na biyu a 2002. Sun tsaya a kan shimfiɗaɗɗen zane mai ƙarancin ɗigo irin na farkon shekarun 1990, wanda mai zane ɗaya zai iya kammala fage guda a cikinsa ba tare da ya jira kowa ba, kuma wanda zai karɓe shi idan ya gaji ba zai sha wahalar bin salonsa ba. Wannan magana ta ƙarshe ba ƙarama ba ce, domin a aikin sa-kai mutane suna ficewa ba sallama.

Ƙungiyar Phoenix Online kuwa wata hanya ta bi da wasanta The Silver Lining, domin ta zaɓi hoto mai zurfi uku a kan injin Torque, ta kuma tsara labari mai faɗin da da farko aka so ya cika wasanni uku, kafin a taƙaita shi zuwa kashi biyar. Ban da haka ta gina aikin a kan duniyar King's Quest, wadda haƙƙin mallakarta yana hannun wasu, saboda haka kamfanin Vivendi ya tsayar da ita a 2005 har sai da ta cire sunan daga taken wasan, kamfanin Activision ma ya sake tsayar da ita a farkon 2010 kafin ya janye. Kashi na farko ya fito a Yulin 2010, na huɗu a 2011, na biyar bai fito ba. Ba za a raina ƙwazon waɗannan mutane ba, kuma abin takaici ne a ga labarin da aka yi wa hidimar shekaru ya tsaya ba ƙarshe, amma dai sun ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyansu tun ranar farko.

Akwai kuma tambayar ko za a bar mai wasa ya maƙale, wadda Sierra da LucasArts suka sha bamban a kanta. A King's Quest V na 1990, jarumi yana sayen wani kek, kuma wasan zai bar shi ya cinye shi, alhali can gaba a kan dutsen ƙanƙara sai ya jefi wani dodo da shi zai wuce, don haka wanda ya ci kek ɗin ya riga ya faɗi, sai dai ba zai sani ba sai bayan doguwar tafiya. Ron Gilbert na LucasArts ya soki irin wannan tsari a wata maƙala ta 1989, ya kuma kauce masa a The Secret of Monkey Island. Shi ne kuma ya yayata amfani da taswirar kacici-kacici, wato zanen da ke nuna wace matsala ce take buɗe wace, wanda ake yi a takarda kafin a zana ko da fage ɗaya. Ga 'yan sa-kai wannan takarda ta fi kowane zane mai kyau daraja, domin ita ce ke faɗa musu wuraren da labarin yake bukata da waɗanda sha'awa ce kawai ta kawo su.

Yawan umarnin da za a ba mai wasa shi ma lissafi ne, tun da kowane ƙarin umarni, kamar buɗe ko tura ko ja, yana nufin a rubuta amsarsa ga kowane abu da ke cikin wasan. Ƙungiyar da ta zaɓi gajeren labari nata na kanta, da zane mai sauƙi, da umarni kaɗan, ita ce ta fi kusa da ganin wasanta a hannun jama'a.