Daga Riƙon Buroshi zuwa Sakin Fenti: Nazari a kan Zanen Gani Odutokun

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda hannun mai zane yake nuna a aikin fentin mai, ta hanyar nazarin ayyukan Gani Odutokun. An haife shi a Nsawam ta ƙasar Gana a 1946, iyayensa kuwa mutanen Offa ne. Ya sami digirin farko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1975, da na biyu a 1979, kuma a nan ya koyar har rasuwarsa cikin haɗarin mota a 1995.

Matakin Koyo

Fentin mai yana da jinkirin bushewa. Wannan ya sa mai zane yake iya gyara, ya kankare, ya ɗora launi bisa launi. Amma a nan ne tarkon ɗan koyo yake, domin yawan gyara yakan dagula launuka, zane ya fito a dushe, tsoron mai shi ya bayyana a fili. Gani ya tarar da makarantar da su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a cikinta a 1958, inda ake horar da ɗalibi a kan zana siffa da auna haske da inuwa. Zane-zanensa na gawayi shaida ne cewa ya sha wannan horo sosai.

Matakin Ƙwarewa

Daga baya sai ya ɗauki wata hanya. Yakan tsinka fentin har ya yi ruwa, ya zuba a kan ƙyalle, ya bar shi ya kwarara, launuka su shiga juna, sa'an nan ya bi da hannu ya fitar da siffa daga abin da ya auku. Shi kansa yana kallon aikin a matsayin gamuwar katari da tsari, kuma da wannan suna aka yi baje kolin tunawa da shi a Landan a 2000.

Mai kallo na iya zaton sakaci ne. Ba haka ba ne. Sabon mahayi shi ne yake ƙanƙame linzami. Gwani yakan sassauta, don ya san lokacin da zai ja. Zanensa na sarkin da yake raha da janar-janar ɗinsa, wanda ya yi a zamanin mulkin soja, ya tabbatar da cewa hannun da ya saki fenti bai saki ma'ana ba: zambo ne ga masu mulki, kuma ya isa inda aka aike shi.

Kammalawa

Illar wannan salo ita ce sauƙin kwaikwayonsa. Kowa na iya zuba fenti, amma ba kowa ne zai san inda zai tsayar da shi ba, kuma inda babu ginshiƙin zanen siffa, abin da yake saura ado ne kawai. Saboda haka ya kamata malaman zane su lura da jerin matakan: riƙo ne ya zo da farko, saki ya biyo baya. Ɗalibin da aka koya wa na biyu ba tare da na farko ba, an ba shi doki ne babu linzami.