Makaɗin Bayan Fage: Nazarin Matsayin Ringo Starr a Ƙungiyar Beatles

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da suka daɗe suna damun nazarin waƙar baka akwai fifita matani a kan kiɗa. Manazarci yakan saurari faifai, ya juye kalmomin a takarda, ya rarraba su ɗiya-ɗiya, sannan ya shiga zancen jigo da salo, alhali gangar da ta goyo waɗannan kalmomi ta kai su kunnen jama'a an bar ta can cikin faifai. Shi kuwa Bahaushe bai yi wannan sakaci a harshensa ba, domin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata duk makaɗa yake kiransu, yana kuma rarrabe su ta kayan kiɗansu, waɗancan na kotso, wannan na kalangu. Duk da haka, a cikin ɗimbin rubuce-rubucen da aka yi a kan Shata, kaɗan ne suka tsaya a kan masu riƙe masa kalangu.

Wannan matsala ba ta tsaya ga Hausa kaɗai ba. Maƙalar nan ta ɗauko misali daga wata al'ada ta nesa, wato kiɗan rok na Ingila, inda za a dubi aikin Ringo Starr, makaɗin gangunan ƙungiyar Beatles daga 1962 zuwa watsewarta a 1970. Abin da ake son nunawa shi ne, gwanintar irin wannan makaɗi tana cikin hidimar da yake yi wa waƙa, kuma wannan hidimar ce take ɓoye shi daga kunnen mai sauraro da alƙalamin manazarci.

2.0 Kayan Kiɗan da Aikinsu

Ƙungiyar rok ta gargajiya takan ƙunshi mutum huɗu ko biyar: masu jita, da mai jita mai kaurin amo, da mai rera waƙa, da mai ganguna. Shi wannan na ƙarshe a zaune yake kiɗa, yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu a lokaci guda. Ƙafar dama tana taka wani ƙarfe da ke dukan babbar ganga, ƙafar hagu tana buɗe wasu fayafayan tagulla guda biyu da ke kife da juna tana rufewa. Hannuwa kuma suna riƙe da sanduna, suna zagayawa tsakanin ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasanta, da gangunan gefe masu zurfin amo, da sauran fayafayan tagulla da ke rataye. Aikin da makaɗa uku ko huɗu za su raba a tsakaninsu, shi ne mutum ɗaya ya haɗa.

Yawancin waƙoƙin rok a kan bugu huɗu-huɗu aka gina su. Babbar ganga takan faɗi a bugu na ɗaya da na uku, ƙaramar kuma ta tsage a na biyu da na huɗu. A nan akwai abin lura ga masana harshe. Kalangu yana iya magana saboda yana kwaikwayon hawa da saukar karin sautin Hausa, amma Ingilishi ba harshe ne mai karin sauti ba, karin waƙarsa ya dogara ne a kan gaɓoɓin da ake ƙarfafa furucinsu. Saboda haka gangar rok ba ta furta komai. Aikinta shi ne shata wuraren da gaɓoɓi masu ƙarfi za su sauka, da wuraren da mai rerawa zai ja numfashi. Idan makaɗi ya gaggauta da ƙiftawar ido, ko ya cika gurbin da ya kamata ya bari, ɗangon waƙa ya karye ke nan, ko da kalmominsa na zinariya ne.

3.0 Shigarsa Ƙungiya

An haifi Richard Starkey, wanda aka fi sani da Ringo Starr, a birnin Libaful a 1940. Ya yi ƙuruciya cikin jinya, kuma a asibitin masu tarin fuka, inda ya kwanta kusan shekara biyu, ya fara riƙe sandar kiɗa. Kafin ya shiga Beatles ya riga ya yi suna a ƙungiyar Rory Storm, har sun yi wasa a gidajen rawa na Hambag ta Jamus a 1960, inda ya saba da John Lennon da Paul McCartney da George Harrison. A watan Agusta na 1962 suka sallami makaɗinsu Pete Best suka ɗauko shi.

Raini ya tarye shi tun daga bakin ƙofa. A watan Satumba na wannan shekara, mai shirya musu faifai, George Martin, ya ɗauko hayar wani makaɗi mai suna Andy White domin ya buga gangunan waƙar "Love Me Do", shi kuwa Ringo aka miƙa masa ɗan bandiri mai kacau-kacau.

4.0 Abin da Faifai ya Nuna

Hujja mafi ƙarfi tana cikin waƙoƙin kansu, kuma ya kamata a saurare su da kunnen da ya jingine kalmomi a gefe.

Abu na farko shi ne Ringo bahago ne, amma gangunansa an jera su ne irin jerin na-dama. Idan ya zo zagaya gangunan gefe domin cike gurbi tsakanin ɗango da ɗango, hannun hagu ne yake son ya yi gaba, sai bugun ya fito da wata 'yar tangarɗa, kamar mai tafiya yana ɗingishi da gangan. Shi da kansa ya sha bayyana haka. Abin da malamin kiɗa zai kira aibi, shi ya zama hatiminsa, har makaɗa na-dama sukan sha wuya wajen kwaikwayonsa.

A waƙar "Ticket to Ride" ta 1965, gangunan ba su bi tafarkin bugu huɗu da aka saba ba. Suna tafiya ne suna turjewa, kamar ana jan kaya mai nauyi, kuma wannan nauyi ya dace da jigon rabuwa da waƙar take ɗauke da shi. Gaskiya ne Lennon ya ce McCartney ne ya ba da shawarar wannan salo, kuma masu rage wa Ringo daraja sukan riƙe wannan magana. Sai dai shawara daban, hannu daban. Shekara guda bayan haka, a waƙar "Tomorrow Never Knows", an ga akasin wannan: salo guda ɗaya tak ya riƙe na kusan minti uku, bai ƙara ba bai rage ba, alhali sauran sautuka suna ta kai-komo a kansa kamar guguwa. Waƙar kusan ba ta sauya murya daga farko har ƙarshe, don haka gangar ce ginshiƙin da ya hana ta rushewa. Injiniyan ɗaukar sauti, Geoff Emerick, ya cusa rigar sanyi ta ulu a cikin babbar gangar, ya kuma matso da makirufo kusa da ita fiye da yadda dokar kamfanin ta yarda, domin amon ya fito a dunƙule. Wannan ya nuna cewa a ɗakin ɗaukar sauti an san inda nauyin waƙar yake.

Misalin da ya fi dacewa da manazarcin waƙar baka shi ne "A Day in the Life" ta 1967. A nan Lennon yana rera ɗango cikin sanyin murya, ya yi shiru, sai gangunan gefe su amsa masa da ɗan gajeren zagaye mai zurfi, kuma kusan kowace amsa ta bambanta da wadda ta gabace ta. Duk wanda ya saba da tsarin jagora da 'yan amshi zai gane abin da ke faruwa nan take: makaɗin yana sauraron mai rerawa ne, yana jiran ya sauke kafin ya karɓa. Bai taɓa hawa kan kalma ba. Idan aka juye wannan waƙa a takarda, waɗannan amsoshi su ne za su ɓace, a bar farin gurbi a ƙarshen kowane layi, mai karatu kuma ya ɗauka babu komai a wurin. Haka nan a "Come Together" ta 1969, zagayen da ya buɗe waƙar da shi, daga fayafayan tagulla zuwa gangunan da aka lulluɓe da tawul domin a danne amonsu, shi ne abin da mai sauraro yake fara gane waƙar da shi tun kafin a shiga ɗangon farko.

Ba a nufin cewa shi ne gwanin gwanaye wajen saurin hannu. A wannan fage John Bonham na Led Zeppelin ya fi shi, haka ma Ginger Baker na ƙungiyar Cream, wanda mutanen Nijeriya suka sani saboda zamansa a Legas da faifan da ya yi tare da Fela a 1971. Baker yana iya shafe minti goma yana kiɗa shi kaɗai, 'yan kallo na tafi. Ringo kuwa ya ƙi jinin wannan al'ada. A duk fayafayan da Beatles suka fitar suna tare, sau ɗaya ya yi kiɗan kaɗaici, a waƙar "The End", bayan an yi ta lallashinsa, kuma bai kai rabin minti ba. Waƙoƙi biyun da ya tsara shi kaɗai wa ƙungiyar ma ba su kai na abokansa ba, muryarsa kuma ba ta da faɗi. Wanda ya zuzuta shi a waɗannan fannoni ya yi kuskure irin na wanda ya raina shi a fannin ganga.

5.0 Dalilan Raini

Dalili na farko na ido ne. A dandali makaɗi yana can baya, rabin jikinsa a ɓoye. Lokacin da Beatles suka yi wasa a filin Shea na birnin Niyok a watan Agusta na 1965, gaban mutum fiye da 55,000, ihun 'yan kallo ya danne kiɗan gaba ɗaya. Ringo ya bayyana cewa a irin waɗannan wasanni motsin jikin abokansa yake kallo daga baya domin ya san inda aka kai a waƙa. Riƙe kari a wannan hali gwaninta ce babba, amma babu mai ganinta.

Na biyu na doka ne da kuɗi. Haƙƙin mallakar waƙa yana bin kalmomi da muryar rerawa, salon ganga ba ya cikin lissafi. Don haka a jikin faifai sunan Lennon da McCartney ake gani a ƙarƙashin mafi yawan waƙoƙi, masu sharhi da masu tarihi kuma suka bi wannan sawu. Ko a fagen kalmomi ma an ci bashinsa, domin sunan waƙar "A Hard Day's Night" da na "Tomorrow Never Knows" duka daga irin baƙuwar maganarsa aka tsinto su, wadda yakan yi ta hanyar karya ƙa'idar Ingilishi ba da niyya ba.

Na uku shi ne barkwanci. Akwai maganar da ta yaɗu cewa wai Lennon ya ce ko a cikin Beatles ma Ringo ba shi ne ya fi iya ganga ba. Masu bin diddigi, irin su masanin tarihin ƙungiyar Mark Lewisohn, ba su sami inda Lennon ya faɗi haka ba. An gano asalin zancen a bakin 'yan wasan barkwanci na Ingila a farkon shekarun 1980, bayan an kashe Lennon a watan Disamba na 1980. Ga manazarcin adabin baka wannan misali ne na yadda ake jingina zance ga sanannen mutum domin ya sami ƙafar tafiya.

Abokan aikinsa kuwa ra'ayinsu ya fito a aikace. A watan Agusta na 1968 ya yi fushi ya bar ƙungiyar na kusan mako biyu, yana jin ba a bukatarsa. McCartney ya riƙe ganguna a waƙoƙi biyu, amma suka aika masa da saƙon waya suna roƙon ya dawo, da ya dawo kuma ya tarar an lulluɓe gangunansa da furanni. Bayan watsewar ƙungiyar a 1970, sa'ad da Lennon da Harrison kowanne yake da ikon ɗauko duk makaɗin da ya ga dama a duniya, dukansu biyu shi suka kira ya buga musu a manyan fayafayansu na wannan shekara. Hukumomin karramawa su ne suka yi nawa: shi ne na ƙarshe cikin su huɗu da aka shigar da sunansa shi kaɗai a zauren tunawa da gwanayen rok na Amurka, a 2015, kuma sarautar "Sir" da Ingila ta ba McCartney a 1997 ba ta iso gare shi ba sai a 2018.