Jini a Matsayin Shaida: Nazari a Kan Littafin The Blooding na Joseph Wambaugh

Littafin The Blooding, wanda ya fito a 1989, yana cikin rukunin rubutun zube da ke ɗaukar laifin da ya auku da gaske ya tsara shi da salon ƙagaggen labari. Marubucinsa, Joseph Wambaugh, tsohon ɗan sanda ne a birnin Los Angeles na Amurka, amma a ƙasar Ingila abin da ya ba da labarinsa ya faru. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa jigon da marubucin ya ɗora littafin a kai bai kai nauyin jigon da labarin kansa yake ɗauke da shi ba.

A 1983 aka yi wa wata yarinya 'yar shekara 15 fyaɗe aka kashe ta a ƙauyen Narborough, kusa da birnin Leicester. A 1986 aka sake yin irin wannan ta'asa ga wata tsararta a yankin. Tsakanin waɗannan shekaru, a 1984, Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester ya gano cewa ƙwayar halittar ɗan Adam, wato DNA, tana da wasu sassa da tsarinsu ya bambanta daga mutum zuwa mutum, ta yadda za a iya gane mai jini ko maniyyi daga ɗan abin da ya bari. Da wannan dabara 'yan sanda suka shiga ɗibar jinin mazajen ƙauyuka uku a 1987, har adadin ya haura 5,000. Daga wannan ɗiban jini littafin ya samo sunansa. A ƙarshe aka kama Colin Pitchfork, ma'aikacin gidan burodi, aka yanke masa hukuncin ɗaurin rai da rai a 1988.

Idan aka bi zubin littafin, babban jigonsa shi ne nasarar kimiyya da naci irin na 'yan sanda. Amma warwarar labarin ta saɓa wa wannan. Aikin farko da gwajin ya yi shi ne wanke wanda ake tuhuma. Wani saurayi ɗan shekara 17, mai aikin ƙarfi a kicin ɗin asibiti, ya riga ya amsa laifin kisa na biyu a hannun masu bincike. An kai wa Jeffreys samfurin ne da fatan a ɗora masa na farko ma. Sakamakon ya nuna cewa mutum ɗaya ne ya aikata duka biyun, kuma ba wannan saurayi ba ne. Wambaugh ya kawo tambayoyin da aka yi wa yaron, kuma ya cancanci yabo a kan haka, domin mai karatu yana ganin yadda mai raunin fahimta kan amsa abin da bai yi ba. Sai dai tausayin marubucin ya karkata ga abokan tsohuwar sana'arsa, waɗanda sakamakon ya rikita. Tambayar da ta fi girma a fuskar shari'a, wato mene ne darajar iƙirari idan marar laifi yana iya yin sa, ba ta sami zaman da ya kamace ta ba.

Abu na biyu kuwa, ɗiban jinin nan da littafin ya ci sunansa bai kama kowa ba. Pitchfork ya lallashi wani abokin aikinsa ya je ya ba da jini a madadinsa da fasfo na jabu. Asirin ya tonu ne a watan Agusta na 1987, lokacin da abokin ya yi suɓutar baki a wata mashaya, wata abokiyar aikinsu ta ji, daga baya ta kai rahoto. Tsegumi ne ya kai 'yan sanda ƙofar gidansa, gwaji ya zo ya tabbatar. Da yake kuma ya amsa laifinsa a kotu, ba a gwada ƙarfin sabuwar shaidar a gaban masu taya alƙali yanke hukunci ba.

Saura batun yarda. An ce ba da jinin na ganin dama ne, amma a ƙauyen da aka kashe 'yan mata biyu, wa zai ƙi zuwa a bar shi ya sha ruwa? Marubucin ya fi ɗaukar zaman ɗiban jinin a matsayin fagen raha, inda ƙwarewarsa ta zana halayen 'yan sanda ta fito fili. Za a iya yi masa uzuri da cewa a 1989 matsalar ba ta gama bayyana ba. A 1995 Ingila ta kafa rumbun adana bayanan DNA na ƙasa, aka kuma wayi gari ana riƙe da na mutanen da aka kama amma kotu ba ta same su da laifi ba. Sai a 2008 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa riƙe su ba iyaka ya keta haƙƙin sirrin mutum, aka gyara dokar a 2012.